Ƙarfe Ba Ya Taɓa Bagaruwa

Na ji ki, Uwani. Kina tsammanin kunnena ya mutu ne? Ɗazu da matar nan ta zo neman maganin gudawa na tambaye ta wace tukunya gare ta, ke da Binta kuka haɗa kai kuna ƙyaƙyata dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa, an zo neman magani tana tambayar kayan girki. To ku matso nan. Ku ci gaba da ɓare bagaruwar, hannu ba ya hana kunne ji. Ku a ganinku sana'ar nan shimfiɗa tabarma ce a jera ƙore, wanda ya zo a ƙunsa masa gari a ganye ya tafi. In da haka ne ai da kowace mace a Tudun Wada ta zama mai magani.

Ni a hannun Gwaggo Dije na koya, yayar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Mu ba Zage-zagi ba ne, fatauci ne ya kawo kakanninmu. Shi ya sa da Nasara suka yanka wannan tudun aka ce baƙi su zauna a nan, muna cikin waɗanda suka fito ta Ƙofar Doka da kayansu a ka. Ba wannan Tudun Wadar da kuka buɗe ido kuka gani ba. Bukkoki ne da dangar kara, sai ramukan da aka haƙi ƙasar gini, in damina ta faɗi su cika da ruwa. Wajen da kuke ce wa Kongo yanzu, in kika bi shi ke kaɗai sai kin yi ta waiwaye. Jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa ba, har lokacin in ya yi kuka awaki tsinke igiya suke yi.

Aikin farko da Gwaggo ta ba ni ba daka ba ne, ba tankaɗe ba. Sha ne. Ta ce duk abin da hannuna zai miƙa wa wani, dole cikina ya fara saninsa. Ta jiƙa tsamiya mai kauri ta ba ni, na shanye ina murna don akwai daɗi, na wuni ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, ita kuwa tana zaune tana kaɗi, ko a jikinta. Da na dawo daidai ta ba ni aduwa, aka koma gidan jiya. Sai kuma ta dafa bagaruwa ta cika mata hannu da gangan. Kai, yara! Bauri ya kama mini harshe kamar na tauna fata, cikina ya ɗaure tamau, na yi kwana da kwanaki ina kallon masu ɗaukar buta da sha'awa. Sannan ta zaunar da ni ta ce, “To, Asabe, yanzu kin san kayan nan gida biyu ne. Akwai masu kwancewa, akwai masu ɗaurewa. Ranar da kika ba mai gudawa na kwancewa, ki haɗa masa da likkafani.”

Ita kanta bagaruwar da ke hannunku ba tsinto ta ake yi ba. Wadda ta faɗi ƙasa ta akuya ce, ta sha raɓa, ta sha fitsari, in kika ɓare ta za ki ga fumfuna a ciki. Mukan bi bakin rafin Kubanni ta wajen Gyallesu, mu shimfiɗa zane a gindin itacen, mu kakkaɓo da doguwar gora. Wadda ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, in kin girgiza 'ya'yan na ƙara, ita ake so. A inuwa ake shanya ta, rana na cinye mata ƙarfi. A cire 'ya'yan da hannu, a daka kwasfar a turminta na kanta. Turmin da ya taɓa ganin barkono kuwa ko da wasa, don cikin da ya riga ya yi rauni ba ya son yaji. In an tankaɗe a zuba a tulu, a rufe da murfi a liƙe bakin da yumɓu saboda ƙwari. Ga tsoho tukuf da yaro na goye mukan sassauta da ɗanyar kanya. Farin garin nan na cikin 'ya'yan kuka kuma shi ake damawa da ɗan gishiri, don mai gudawa ƙishirwa ce ke fara kayar da shi.

Cikin duk dokokin Gwaggo akwai ɗaya da ba ta ɗaga ƙafa a kanta. Ƙarfe ba ya taɓa bagaruwa. Ba a yanko ta da lauje, ba a ɓare ta da wuƙa, ko allura in tana maƙale a zanenki sai kin cire kafin ki durƙusa gaban turmi. Na tambaye ta dalili, ta ce haka ta tarar. Na sake tambaya, ta ce in bakin nawa ba shi da aiki ga tsamiya can. Ni a raina na yanke cewa iskokin itacen ne ba sa son ƙarfe, na bi dokar kawai. Bin ta ma ba wuya a wancan zamani, don kowane gida tukunyar ƙasa ce a murhu, ludayin duma ne a hannu. Babu mai ce wa mai saye kada ki dafa a ƙarfe, ina ma ta ga ƙarfen da za ta dafa a ciki?

Abin da ya fi daka wuya shi ne tambaya. Na tuna wani madugu mai fataucin goro, ƙaton mutum da gemu har ƙirji, ya tsaya a gaban tabarmarmu yana ta kewaye-kewaye, wai cikinsa ne ba ya jin magana. Gwaggo ta ce, “Da jini ko ba jini?” Ya dubi sama. Ta ce, “Da majina? Yana murɗawa kafin ya zo, ko zuba kawai yake yi?” Sai ya gyara murya ya ce ai ba shi ba ne, wani abokin tafiyarsa ne. Gwaggo ta ce, “To madalla. Koma ka tambayo abokin naka, muna nan.” Bai ɗaga ƙafa ba, nan take ya ba da amsa dalla-dalla, har da yadda abokin ya ji da asuba. Kuna dariya, amma in ba ki iya sa babban mutum ya faɗi abin da ya bari a bayan gida ba, ba ki fara sana'ar ba. Gudawa daban, atuni mai jini daban, wanda ya ci abin da ya lalace daban, kuma kowanne da yawan garin da ake ɗebar masa.

Gwaggo ta rasu ana saura kaɗan a shiga muguwar shekarar yunwa, ni kuma mijina na fari ya riga ta, sai na gaji wurin zamanta a bakin kasuwa, gindin wata ɗurumi. Kusa da ni akwai Baba Sallau baduku, tsohon maƙwabcinta, yana ɗinka takalma da kube. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum 'yar Dije.

A shekarar nan ruwa ya ƙi a Arewa. Mutane suka yi ta gangarowa, wasu daga wajen Katsina, wasu daga can Damagaram, ƙafa duk faso, ba jaki ba akuya. Suka kafa bukkoki a bayan unguwa, suka ci abin da suka samu, suka sha ruwan ramukan nan na gini, inda ake wanka ake wanki yara na tsuguno a baki. Atuni ya shiga cikinsu kamar wuta a kara. Wani ma'aikacin asibiti ya taɓa gaya mini, bayan shekaru, wai akwai wasu ƙananan halittu a irin ruwan nan da ido ba ya gani, su ke cin hanji. Na ce masa ni ban gan su ba, amma na ga aikinsu. Ga shi kuma bagaruwa ta yi wuya. Jirgi ya fara kwasar fata zuwa kudu, majema suna jima ba dare ba rana, kuma da bagaruwar nan tamu suke jima. Duk itacen da na je sai in tarar an riga ni, an kakkaɓe shi tas. Tuluna suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga kankare gindin na ƙarshe.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi wata mace ta durƙusa a bakin tabarmata, 'yar siririya, sunanta Kande, cikin baƙin nan take. Ta ce, “Yaya, mai gidana ne. Jini yake yi, ko zama ba ya iyawa.” Na san mijin. Idi ne, wani dogo mai fara'a da ya samu tsofaffin garwanin kananzir guda biyu a tasha yana ɗibar wa mutane ruwa daga rijiya. Na yi mata tambayoyina duka, na ɗebi rabin abin da ya rage a gindin tulun na ƙunsa mata. Na ce ta dafa har ruwan ya yi ja kamar fatar jar akuya, ta tace, ta bari ya huce, ta riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan. Ta yi godiya ta tafi da sauri.

Ana idar da azahar sai na hango mutane sun nufo ɗurumin. A gabansu wani gajere mai faɗin ƙirji, da wuƙa ɗaure a damtse, ya rungumo garwa. Wan Idi ne, Mato. Ya dangwarar da garwar a kan tabarmata har ruwan ya fantsala. Na leƙa. Baƙi ƙirin, sai ka ce tawadar malamai.

Ya ce, “Ke ce mai magani? Wannan ne abin da za a ɗura wa ƙanena?”

Tun ina yarinya nake dafa bagaruwa, na ga mai haske, na ga mai duhu, amma ban taɓa ganin baƙa ba. Na ce, “Bawan Allah, abin da na bayar ja yake yi.”

Ya ce, “To in ba ke ba ce, ita ce.” Ya nuna Kande, tana can baya ta ɗora hannu a ka. “Ina tsaye ruwan nan ya juye ya yi baƙi a kan wuta. Magani ne ya tona asiri, akwai sammu a gidan nan. Tun a hanya nake ganin take-takenta.”

Kande ta ce, “Yaya, na rantse da Allah ban sa kome ba. Ruwa ne da garin nan kawai.”

“Rufe mini baki! Ba ke ba ƙofar bukkarmu. Kuma ba abin da zai sake shiga bakin Idi daga hannun mace, ko ruwa ne.”

Kun ji inda matsalar take. Zagi bai dame ni ba, na sha shi a kasuwa. Amma mai atuni da aka ce ko ruwa ba za a ba shi ba, an gama da shi ke nan. Na ce a bar ni in gan shi. Mato ya yi kamar ba zai yarda ba, mutane suka sa baki, muka tafi. Na tarar da Idi a kan keso, idanu sun faɗa zuru-zuru, leɓe ya tsage. Na tsunkuli fatar bayan hannunsa na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Gwaggo ta sha nuna mini wannan alamar, kuma yawancin waɗanda ta nuna mini a jikinsu ba su ga wata kasuwar ba. Na roƙi Mato ya ba shi ko ruwa da hannunsa, ya ce sai ya san inda sammun yake, don ƙila a ruwan gidan aka zuba.

Na koma gindin ɗurumi na zauna na zuba wa garwar ido, ba ni da wanda zan tambaya. Baba Sallau dai yana gefe yana ɗinkinsa. Can sai ya miƙo wuya ya leƙa, ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya goga a wani guntun fata.

Ya ce, “'Yar Dije, in ba mai sha, a ba ni mana. Wannan ai ya fi kulokon da nake haɗawa kyau.”

Kuloko shi ne ruwan da dukawa ke baƙanta fata da shi. Shekara da shekaru ina ganinsa yana tsoma tsinke a wani ɗan kasko yana ja wa takalmi baƙin zane, ban taɓa kulawa ba. Na ce, “Haba Baba, mutum na mutuwa kana wasa?”

Ya ce, “Wa ya yi wasa? Dubi yadda ya kama.”

Na ce, “Kai da me kake haɗa naka?”

“Kashin maƙera. Tarkacen ƙarfen nan da maƙera ke zubarwa, shi nake jiƙawa.” Ya miƙo mini kaskon. Na duba, ruwa ne dai mai ɗan duhu-duhu, ba wani baƙi ba. Na ce ai wannan ba baƙi ba ne. Ya ce, “A kasko ba ya baƙi. Ko a ɗanyar fata kika shafa ba ya kamawa. Sai fatar da ta sha bagaruwa a majema, da ya taɓa ta sai ta yi wuluk.”

Yara, kamar Gwaggo ce ta dungure mini kai. Na karkata garwar na zubar da ruwan kaɗan na duba cikinta. Tsatsa ce jawur tun daga baki har gindi. Na aika aka kira Kande, na ce, “Ke, ina tukunyarki?” Ta ce ai tukunyarsu ta fashe tun a hanya, tun da suka zo a garwar nan suke dafa duk abin da suka samu. Ashe ba iskoki ba ne. Wata tsohuwa ce can a baya, kakar kakar Gwaggo ko wa, ta taɓa ganin abin da na gani, ta kafa doka, dalilin ya ɓace a hanya dokar ta iso gare ni.

Amma sanin da na yi ba ya buɗe bakin Idi. In na je na ce wa Mato garwa ce, zai ce mata sun haɗa baki. Na duba gindin tulun, abin da ya rage dahuwa ɗaya ce, ita ma ba mai yawa ba. In zan nuna masa da idonsa, sai na ɓata rabi. Na tsaya ina jujjuya ƙunshin a hannu, raina ba ya so, don rabin nan ran wani ne. Baba Sallau ya ce, “Duka a ƙwarya ba a sha ba, da rabi a ciki, wanne kika zaɓa?” Na ɗauki tukunyar Gwaggo, ƙaramar nan mai baƙin gindi da kuke gani a kan randa, muka nufi bukkokin, shi ma ya bar ɗinkin takalmansa ya ɗauki garwar ya biyo ni.

Na ce wa Mato, “Ka ce hannun mace ba zai taɓa ba. Na yarda. Kai za ka yi kome.” Shi ya je rijiya ya ɗebo ruwa a ƙwarya, shi ya wanke tukunyar, shi ya hura wuta a ƙofar bukka, mutane sun kewaye mu. Na miƙa masa ƙunshin ya shinshina ya zuba da kansa. Kande na can nesa a gindin danga. Ruwa ya tafasa, ya yi ja, ya ƙara ja, bai yi baƙi ba. Na sa ya tace a ƙwarya biyu. Na ɗebi ludayi guda na sha a gabansa, kamar yadda aka koya mini.

Ya ce, “Yanzu da ba hannunta ai ga shi ya yi ja. Kin ga maganata ta fito.”

Na ce, “Ba ni aron wuƙarka.”

Ya dafe damtse. “Ki yi me da ita?”

“Ba ni za ta taɓa ba. Kai da hannunka ka tsoma ta a ƙwaryar can, ka bar ta a ciki.”

Ya zare ta, tsohuwar wuƙa ce da ta sha hanya, da ɗigon tsatsa a jikinta. Ya tsoma a ruwan yana huci. Kowa ya zuba ido. Da fari ba abin da ya faru, har wani ya fara guna-guni a baya, ni kuwa ina ta salati a zuci. Sai wani shuɗi-shuɗi ya fara fitowa daga jikin wuƙar kamar hayaƙi. Na ce ya juya. Ya juya, ya sake juyawa, ƙwarya ta yi duhu, kafin a jima ta zama irin ta garwar sak.

Baba Sallau ya ce, “Ash-sha, Mato! Ashe kai ne mai sammun?”

Mutane suka fashe da dariya. Mato bai yi ba. Ya dubi wuƙar, ya dubi garwar da ke gefe, ya daɗe a tsugune. Ni ba dariyar ce a gabana ba, idona na kan ɗaya ƙwaryar, ina tsoron kada kunya ta sa ya yi wurgi da ita. Sai ya ajiye wuƙar a ƙasa, ya ɗauki jar ƙwaryar da hannu biyu, ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ya shiga bukka ya tallafo kan ƙanensa. Daga ciki muka ji muryarsa, ta sauka ƙasa sosai.

“Kande. Zo ki riƙe ludayin.”

Kada ku ɗauka nan take Idi ya miƙe. Na farko da aka ba shi amayar da shi ya yi, na ce a dakata a sake, a jiƙa masa leɓe kawai. Na dama garin kuka da gishiri a ruwan da aka tafasa a tukunyar, ana ba shi wannan ana ba shi wancan. Rabin ƙwarya ba ya isar babban mutum. Baba Sallau ne ya shiga birni wajen majema, abokan cinikinsa, ya yi musu rashin kunyar da ni ba zan iya ba, ya dawo da ɗan buhu a kafaɗa. Ya ce ya gaya musu fatar akuya za ta iya jira. Na bar wa Kande tukunyar Gwaggo aro, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Kuma in gaya muku gaskiya, a shekarar nan da yawa sun sha irin abin da Idi ya sha, an kuma binne su. Bagaruwa tana ɗaure ciki, tana kwantar da murɗa, amma ba ta rubuta wa kowa kwana. Shi ya sa yanzu da Allah ya kawo asibiti, in na ji an ce jini, nakan ce a sha wannan a hanya, amma a wuce can. Ko baƙin ruwan nan yana cutarwa in an sha? Ban sani ba, ban taɓa ba kowa ba. Abin da na sani shi ne ba mai buɗe baki ya sha shi.

Ina zaune wata safiya ina ɓare abin da Baba Sallau ya kawo, sai ga Kande tana tafe har da ɗan gudu. Na ɗauka mutuwa aka yi, na ajiye ƙwarya. Ta durƙusa tana haki ta ce, “Yaya, faɗa suke yi.”

Na ce, “Su wa?”

“Mai gidana da Yaya Mato. Wai shi ya gaji da kunu, tuwo yake so. Yaya Mato ya hana shi, shi ne yake ta masifa, har maƙwabta na ji.”

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Na yi dariya har hawaye, na yi kuka kuma, Baba Sallau na cewa a kawo wa 'yar Dije nata maganin. Daɗi irin na ranar nan ban sake jin irinsa a sana'ar nan ba. Mutumin da ke da ƙarfin yin masifa a kan tuwo ya dawo duniya. Na ce ta koma ta ce a ƙara masa kaurin kunun, tuwo sai jinin ya ɗauke sarai.

Mato bai iya ba da haƙuri da baki ba, irin mutanen nan ne. Ya yi dako a tasha, ya je wajen magina tukwane ya sayo sabuwar tukunya, ya ajiye a gaban Kande ya wuce. Ita ce ta dawo mini da ta Gwaggo, ta wanke ta tas. Idi kuwa da ya koma ɗibar ruwa, duk safiya in ya iso ƙofar gidanmu da garwaninsa sai ya ɗaga murya, “Yaya Asabe, ga ƙarfe nan ya iso, a kawar da magani!”

Daga shekarar nan tukwanen ƙarfe suka fara shigowa a jirgi, yau kowace amarya da su ake yi mata jere. Tun daga ranar ban sake ƙunsa wa kowa bagaruwa ba sai na tambayi wace tukunya gare shi. Wasu su yi dariya kamar ku, wasu su ji haushi, ko oho. Mutum ɗaya ce kawai ban tambaya ba.

Bayan damina ta zagayo an samu amfani, baƙi da yawa sun koma garuruwansu, su Idi suka zauna. Shekaru suka ɗan ja. Wata rana ina gindin ɗurumi sai na hango mace tana ratso kasuwa, goyo a baya, tukunyar ƙasa a ka. Kande ce, ta yi ƙiba har ban gane ta ba sai da ta matso. Ta sauke tukunyar a bakin tabarmata, ita ce dai wadda Mato ya saya, gindinta ya yi baƙi da hayaƙi. Ta kwance goyon ta ɗora mini a cinya, yarinya ce mai dogayen ƙafafu irin na ubanta, tana fitar da haƙori cikinta ya ɗan saki.

Ta ce, “Yaya, ga tukunyar, kada ki wahalar da bakinki. Ga kuma Asabe.”

To, Uwani, ke da kika fi kowa dariya, in kin koma gida ki tambayi mahaifiyarki sunan wa ta ci, da yadda aka yi aka haife ta. Yanzu miƙo mini faifan nan. Kuma cire allurar da ke maƙale a ɗankwalinki kafin ki matso kusa da turmina.